Fashin Baƙi Kan Girka Sifikokin Situdiyo da Saita Su a Ɗakin Haɗa Sauti

Akwai ƙorafin da ba ya ƙarewa a tsakanin masu haɗa sauti a Kano, tun daga situdiyoyin da ke kan titin Gidan Zu har zuwa ƙananan ɗakunan da matasa ke buɗewa a cikin unguwanni. Mutum zai kwana yana gyara waƙa, ya ji ta zauna daram a cikin situdiyo, amma da zarar an tura ta waya, ko an saka ta a adaidaita sahu, ko mai kiɗan biki ya kunna ta a manyan sifikoki, sai ta zama wata aba daban. Wani lokaci bes, wato amon ƙasa mai nauyi, ya yi yawa har ya danne muryar mawaƙi, wani lokaci kuma ya ɓace gaba ɗaya, waƙar ta fito a bushe. Abin da aka fi ɗora wa laifi shi ne sifika, shi ya sa za ka ga mutum ya sayar da wadda yake da ita ya ciko kuɗi ya sayi mai tsada, bayan 'yan makonni kuma ƙorafin ya dawo yadda yake. A ganina, mafi yawan lokuta sifikar ba ta da laifi. Ɗakin da aka ajiye ta, da wurin da aka ɗora ta, da wurin da mai aikin ke zama, da ƙarfin da yake saurare da shi, su ne ke ɓata abin da kunne ke ji.

Sifikar da ake kira monita ba don jin daɗi aka ƙera ta ba. Wufar falo da sifikar mota an yi su ne su ƙawata sauti, su ƙara nauyin bes da ƙyallin sama, ita kuwa monita aikinta ta faɗi abin da ke cikin waƙa ba ƙari ba ragi. Matsayinta matsayin mudu ne a hannun mai awo: idan mudun ya lotsa, duk abin da aka auna da shi zai fita ba daidai ba, komai gaskiyar mai awon. Tarihin wannan sana'a ya nuna cewa daɗin sifika ba shi ne abin nema ba. Kamfanin Yamaha ya fitar da NS-10 a shekarar 1978 a matsayin sifikar gida, ba ta karɓu sosai a gidaje ba, amma injiniyoyin sauti suka rungume ta saboda ba ta rufa wa aiki asiri, har ta zama ruwan dare a manyan situdiyoyin duniya kafin a daina ƙera ta a 2001. Monitocin da aka fi gani a wurinmu a yau, irin su Yamaha HS5 da HS8 masu farin baki, da KRK Rokit mai baki ruwan ɗorawa, da JBL 305P, dukkansu sun isa a yi aiki mai kyau da su, muddin ɗakin bai karkatar da abin da suke faɗa ba.

Kafin a gane yadda ɗaki ke yin wannan ɓarna, dole a san ɗan abu game da sautin kansa. Sauti kaɗawar iska ce, kuma ana ƙidaya yawan kaɗawar a cikin daƙiƙa guda da ma'aunin Hz. Kunnen ɗan'adam mai lafiya yana ji daga kusan 20 Hz zuwa 20,000 Hz. Amon ƙasa, wato bes da dukan babbar ganga, yana zaune ne daga wajen 40 zuwa 150 Hz, muryar mutum da kalangu da gurmi sun fi ƙarfi a tsakiya, kacau-kacau da ƙarar harafin "s" kuma suna can sama. Sauti yana gudun mita 343 a daƙiƙa idan zafin iska ya kai digiri 20, a zafi irin na Kano kuwa yana kaiwa wajen mita 350. Idan aka raba wannan gudu da adadin Hz, za a sami tsawon igiyar sautin. Igiyar 10,000 Hz santimita uku da rabi ce kacal, amma ta 50 Hz mita bakwai ce, wato ta fi tsawon yawancin ɗakunan da muke aiki a ciki. Daga nan matsalar take farawa.

Igiyar da ta fi ɗaki tsawo ba ta da wurin wucewa, sai ta doki bango ta dawo ta haɗu da wadda ke biye da ita. A wasu wurare a cikin ɗakin biyun suna haɗa ƙarfi sautin ya ninku, a wasu wuraren kuma suna kashe juna ya kusan ɓacewa. Kowane ɗaki yana da amon da yake yi wa haka, kuma lissafinsa ba shi da wuya: a raba gudun sauti da ninki biyu na tazarar da ke tsakanin bango da bango. Mu ɗauki ɗakin da aka fi ginawa a gidajenmu da shagunanmu, mai ƙafa 12 tsawo da ƙafa 12 faɗi, wato kusan mita 3.66 ta kowane ɓangare. Lissafin zai ba da 48 Hz, sannan ninkinsa 96 Hz, sannan 144 Hz. Da yake tsawon da faɗin ɗaya ne, matsalar tsawo da ta faɗi suna faɗowa a kan amo guda, illar ta ninku. Ga shi kuma ginin namu na bulo ne da siminti, ƙasa tayil, babu abin da zai bar bes ya fice ko ya shanye shi, saɓanin bangon katako da allon jifsam da ake yi a Turai da Amurka, wanda ke ɗan lanƙwasawa ya rage masa ƙarfi.

Duk wanda bai yarda ba yana iya gwadawa cikin minti biyar. Ya buɗe manhajar da yake aiki da ita, ko FL Studio ce ko Cubase, ya fitar da amo tsantsa na 48 Hz, ko wanda lissafin ɗakinsa ya ba shi, ya bar shi yana kuka a hankali, sannan ya tashi ya zaga. Idan ya jingina da bango zai ji amon ya cika masa kai, idan ya shiga lungu zai ji har ƙirjinsa na rawa, amma yana takowa tsakiyar ɗakin zai ji abin ya yi ƙasa kamar an rage sauti, alhali bai taɓa komai ba. To, a yi tunanin wanda kujerarsa take a wannan tsakiya. Ba ya jin bes, don haka zai yi ta ƙara shi har sai ya ji, waƙar kuma ta fita waje tana rugugi. Wanda kujerarsa ke manne da bangon baya kuwa bes ya yi masa yawa, zai yi ta ragewa, aikinsa ya fita ba nauyi. Dukkansu biyun kunnensu lafiya lau, wurin zamansu ne ya ruɗe su.

Saboda haka abu na farko da za a tsayar shi ne wurin zama, kafin ma a fito da sifika daga kwali. Idan akwai zaɓi, ɗaki mai tsawo ya fi wanda tsawonsa da faɗinsa suke ɗaya, kuma a fuskanci gajeren bango, sifikokin su harba sauti ta tsawon ɗakin, domin bangon baya ya yi nisa da kunne gwargwadon iko. Kujera ta kasance daidai tsakanin bangon dama da na hagu, abin da ke gefen dama kuma ya yi kama da na gefen hagu, don idan gefe ɗaya taga ce ɗayan kuma durowa ce, sautin ɓangarorin biyu ba zai taɓa zama ɗaya ba. Ta fuskar tsawo kuwa, masu tsara situdiyo suna ba da shawarar a fara gwaji daga kashi 38 cikin ɗari na tsawon ɗakin, a auno daga bangon gaba. A ɗaki mai mita huɗu da rabi, wannan ya kama mita 1.7, a mai ƙafa 12 kuma kusan mita 1.4. Wannan adadi mafari ne kawai, ana iya matsawa gaba ko baya da taki ɗaya ana saurare. Abin da ba a so shi ne tsakiyar ɗaki cif, da kuma jingina da bangon baya.

Bayan an sami wurin zama sai a zo kan sifikokin. Su biyun da kan mai saurare su zama kusurwa uku masu tazara ɗaya: nisan da ke tsakanin sifikar dama da ta hagu shi ne nisan da ke tsakanin kowacce da kunne. A ƙaramin ɗaki, mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi ya wadatar, domin kusancin ne ke sa a ji sifikar fiye da ɗakin. A karkato fuskar kowacce ta kalli mai saurare, ƙaramin bakin da ke sama, wanda ke fitar da siririn sauti, ya yi daidai da tsayin kunne idan an zauna yadda aka saba zama wajen aiki, saboda amon sama a miƙe yake tafiya, kaucewa kaɗan tana dusashe shi. A nan ba a aiki da ƙiyasin ido, a ɗauko tef ɗin awo irin na kafinta a auna. Bambancin santimita 35 tsakanin nisan sifikar dama da ta hagu yana sa sautin ɗaya ya riga na ɗayar isowa da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, kuma wannan ya isa ya ja muryar mawaƙi kusan gaba ɗaya zuwa gefen da ya fi kusa. Akwai kuma masu kwantar da monita a gefenta don sun ga hotunan tsofaffin situdiyoyi da NS-10 a kwance a kan tebur. Yawancin monitocin yanzu a tsaye aka tsara su, idan aka kwantar da su, motsa kai kaɗan zuwa dama ko hagu yana sauya amon tsakiya, inda murya take.

Tazarar sifika da bangon da ke bayanta ita ce wurin da na fi ganin ana kuskure, domin shawarar da ta yaɗu ita ce a janye sifika daga bango, ba tare da an faɗi iya nisan ba. Bes ba gaba kawai yake fita ba, ta ko'ina yake bazuwa, wanda ya tafi baya kuma zai doki bango ya dawo. Idan tazarar fuskar sifika da bangon ta yi daidai da kashi ɗaya cikin huɗu na tsawon wata igiya, wanda ya dawo zai kashe wanda ke fita a daidai wannan amo. Sifikar da aka janye mita ɗaya tana samun wannan rami a wajen 87 Hz, wato a tsakiyar inda bes da ganga suke, wuri mafi muni ke nan. Idan aka matsar da ita har fuskarta ta zama santimita 30 daga bango, ramin zai hau zuwa wajen 290 Hz, inda illarsa ta fi sauƙi kuma abin shanye sauti zai iya maganinsa. Don haka a ƙaramin ɗaki gara a kusanta ta da bango, a bar mata kamar faɗin tafin hannu saboda ramin iskar da ke bayanta da kuma zafin da take fitarwa. Sai dai kusantar bango tana ƙara ƙarfin bes har zuwa dB 6 (dB shi ne ma'aunin da ake auna ƙarfin sauti da shi), a lungu kuma ƙarin yana iya kaiwa dB 12, shi ya sa ba a saka monita a lungu. Maɓallan da ke bayan sifika, waɗanda mutane da yawa ba su taɓa taɓawa ba tun da suka saya, don wannan aka yi su. A jerin HS na Yamaha akwai wanda ke rage dB 2 ko 4 daga abin da ke ƙasa da 500 Hz, da wani da ke ƙara ko rage dB 2 a sama da 2,000 Hz. Duk yadda aka saita ɗaya, haka za a saita ɗayar.

Ɗora monita a kan teburin aiki yana jawo abu biyu: teburin yana rawa tare da ita yana ƙara nasa amon, sannan sautin da ya doki fuskar teburin yana isowa kunne jim kaɗan bayan na ainihi ya gurɓata shi. Mafita ita ce a sa mata ƙafafu nata a bayan teburin. Mai walda zai iya haɗa su da bututun ƙarfe a cika cikinsa da busasshen yashi, ko kuma a jera bulo a shimfiɗa roba mai kauri a kai. Allon kwamfuta ma a ja shi baya ko a sassauto da shi, kada ya shiga tsakanin sifika da kunne.

Sai batun bangon gefe. Sautin da ya fito daga sifika ya doki bangon dama ko na hagu sau ɗaya ya faɗo kunne shi ne ya fi rikita wurin da kowane kayan kiɗa ya zauna a cikin waƙa. Gano daidai inda yake dukan ba ya buƙatar na'ura, madubi kawai ake nema da mutum na biyu. Mai aikin zai zauna a kujerarsa ya tsayar da kansa, yaron situdiyo kuma ya manna madubi a jikin bango daidai tsayin kunne, yana jan sa a hankali daga gaba zuwa baya. Duk inda na zaune ya hango fuskar sifika a cikin madubin sai ya ce a tsaya, a sa alama da alli. A ci gaba da ja har ya hango sifika ta biyu, a sake sa alama, sannan a koma ɗaya bangon a maimaita. Waɗannan wurare su ne farkon inda za a rufe. Silin ma yana da nasa wurin, a sama tsakanin tebur da kujera, kuma silin na POP mai santsi yana mayar da sauti sosai. A ƙasa kuwa darduma mai kauri a tsakanin sifika da kujera tana rage kaifin tayil.

Da me za a rufe? A nan ne kuɗi suka fi salwanta a banza. An saba ganin situdiyo an lulluɓe bangonsa kaf da kiret ɗin ƙwai, ko kafet, ko siririn soso, mai shi kuma ya tafa hannu ya ji babu amsa-kuwwa ya ɗauka aiki ya kammala. Tafi amon sama da na tsakiya ne kawai a cikinsa, ba ya faɗin komai game da bes. Abu mai laushi yana shanye sauti sosai ne idan kaurinsa ya kusanci kashi ɗaya cikin huɗu na tsawon igiyar. Soso mai kaurin santimita 5 ya fi aiki daga wajen 1,700 Hz zuwa sama, igiyar 100 Hz kuwa mai tsawon mita uku da rabi ratsa shi take yi ta doki bulo ta dawo kamar babu komai. Sakamakon shi ne ɗaki wanda samansa ya mutu, ƙasansa kuma yana nan yana rugugi, kuma irin wannan ɗaki ya fi wanda ba a taɓa ba ruɗar da kunne. Ga kuma haɗarin gobara, domin soson katifa yana kama wuta nan take ya fitar da hayaƙi mai guba, a ɗakin da galibi ƙofa ɗaya gare shi kuma cike yake da wayoyin lantarki.

Abin da ke aiki shi ne audugar dutse ko ta gilas, irin wadda ake sawa a gini don tare zafi, mai kaurin santimita 10 ko fiye. Kafinta zai haɗa firam da katakon da ake samu a 'Yan Katako ta Na'ibawa, kamar santimita 60 faɗi da 120 tsawo, a cusa audugar a ciki, a lulluɓe da yadi. A Kantin Kwari a zaɓi yadin da idan aka kara shi a baki aka hura iska za ta wuce cikin sauƙi, domin wanda iska ba ta ratsa shi, irin leda ko fatar kujera, mayar da amon sama zai yi. Mai aikin ya sa safar hannu da abin rufe hanci saboda audugar tana da ƙaiƙayi. Idan aka rataye firam ɗin aka bar 'yar tazara tsakaninsa da bango, aikinsa yana ƙara sauka zuwa amon ƙasa ba tare da an ƙara ko kwabo ba. Lungunan ɗaki su ne matattarar bes, don haka su suka fi cancantar mafi kauri, a gicciye firam a lungu daga ƙasa har silin idan hali ya yi. Wanda kuɗinsa bai kai ba ya fara da lungunan gaba biyu da wuraren da madubi ya nuna, sauran su biyo baya. Ba a so a kashe ɗakin ƙurmus, abin da ake nema shi ne sauti ya mutu cikin kusan kashi biyu zuwa huɗu cikin goma na daƙiƙa, kuma na ƙasa da na sama su mutu kusan tare.

Ya kamata a bambance wannan da hana sauti shiga ko fita. Duk waɗannan firam ba za su hana ƙarar janareta ko hon ɗin titi shigowa ba, ba kuma za su hana maƙwabta jin kiɗa ba. Wannan aikin nauyin bango ne da toshe kafofin ƙofa da taga, magana ce ta daban.

Game da girman sifika, akwai son babba a zukatanmu, amma ɗaki ne ya kamata ya yi zaɓin. HS5 mai baki inci biyar tana sauka zuwa wajen 54 Hz, HS8 mai inci takwas kuma zuwa 38 Hz. A ɗaki mai ƙafa 12 da ba a gyara ba, babbar za ta tayar da amon 48 Hz ɗin nan da ƙarfinta, ƙaramar kuwa ba za ta tsokane shi sosai ba, sai a duba can ƙasan da hedifon mai kyau. Haka ƙarin wufa ta ƙasa, wato sifikar da bes kaɗai take fitarwa: tana da amfani ga mai haɗa sautin fim ko kiɗan da ya dogara da bes mai zurfi, ana kuma raba mata aiki da monitoci a wajen 80 Hz, amma shigo da ita ɗakin da lungunansa suke tsirara ƙara wa matsala ƙarfi ne.

Wutar lantarki ma tana da hannu a abin da ake ji. Wutarmu a Najeriya tana kaɗawa ne a 50 Hz, shi ya sa gurnanin da ake ji a sifika idan babu kiɗa yake da wannan amo ko ninkinsa. A haɗa monita da akwatin sauti (na'urar da ke ɗauko sauti daga kwamfuta ta kai wa sifika) da waya mai jijiya uku, wato XLR ko TRS, domin an tsara ta ta soke hayaniyar da ta kwaso a hanya, kada kuma a kwantar da ita tare da wayar wuta. Kwamfuta da akwatin sauti da sifikoki su sha wuta daga soket guda mai wayar ƙasa ta gaskiya, kuma kada a karya ƙafa ta uku ta fulogi don kashe gurnani, domin ita ce ke kare rai idan wuta ta zubo jikin na'ura. Wanda ke aiki da sola ya tabbata inbatarsa mai fitar da wuta sumul ce irin ta layi, saboda masu arha suna sa sifika zuza. Wajen kunnawa sifika ce ta ƙarshe, wajen kashewa ita ce ta farko, kuma a kashe ta kafin a juya daga wutar layi zuwa janareta. Bayan an gama haɗi a saka murya ita kaɗai a tsakiya: idan ta tsaya cak a gaban goshi kamar akwai sifika ta uku a wurin, haɗin ya yi, idan kuwa ta watse ba a san inda take ba kuma nauyinta ya ragu, to an juya jijiyoyin ɗaya daga cikin wayoyin.

Saura ƙarfin saurare, wanda shi ne aka fi rainawa. Tun a 1933 masu bincike biyu a Amurka, Harvey Fletcher da Wilden Munson, suka nuna cewa kunne ba ya jin kowane amo daidai wa daida, kuma rashin daidaiton yana sauyawa da ƙarfin sauti. Idan sauti ya yi ƙasa bes ne ke fara ɓacewa, idan aka ƙure shi kuma bes da amon sama suna cikowa, komai ya yi daɗi ko da bai gyaru ba. Ke nan wanda ke murɗa sauti sama da ƙasa yadda ya ga dama, ma'auninsa yake sauyawa a kowane lokaci. Maganin shi ne a tsayar da matsayi guda. Ana kunna sautin gwaji mai kama da shuuu na ruwan sama, wanda ake kira hayaniya ruwan hoda, a saita shi a dB 20 ƙasa da ƙololuwar ma'aunin manhaja, a kunna sifika ɗaya kawai, a riƙe ma'aunin ƙarfin sauti a inda kai yake zama, a murɗa maɓallin bayan sifikar har a sami adadin da ake so, sannan a yi wa ɗayar haka har su zo ɗaya. Manyan ɗakunan haɗa sautin sinima suna aiki da dB 85, amma wannan ya yi wa ƙaramin ɗaki yawa, dB 73 zuwa 76 ya fi dacewa da irin namu. Manhajar awon sauti ta waya ba ta kai na'urar gaske ba, amma ta isa a daidaita dama da hagu. Da an samu sai a sa alama a jikin maɓallin akwatin sauti, ya zama nan ne gida, ko an ɗaga don duba wani abu a dawo.

Na san wahalar riƙe wannan a situdiyon da mawaƙi ke zuwa da abokansa, ana zaune a kujerar baya jikin bango, wani yana cewa, "Maigida, a ɗan ƙara mana wuta mu ji ta sosai." Babu laifi a ɗaga musu na minti ɗaya su ji daɗi, amma kada a yanke hukunci a kan bes a wannan lokaci, kuma kada a karɓi gyara daga wanda ke zaune a jikin bango sai ya zo ya zauna a kujerar aiki ya ji. Akwai kuma lafiyar kunnen, wanda shi ne jarin mai wannan sana'a. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka, NIOSH, ta sa iyakar dB 85 na awa takwas a rana, kuma duk ƙarin dB 3 yana raba lokacin biyu: 88 awa huɗu, 91 awa biyu. Jin da ƙara ta lalata ba ya dawowa, kuma amon sama ne ke fara tafiya, mutum ya riƙa ƙara kaifi a aikinsa bai sani ba.

Manhajojin gyaran ɗaki suna da wurinsu, amma a ƙarshe. Room EQ Wizard kyauta ce, idan aka haɗa ta da makirufo na awo irin UMIK-1 ko ECM8000 za ta zana yadda ɗakin ke ɗaga wani amo yana danne wani, kuma da wannan zane ake gane ko matsar da sifika santimita goma ya gyara ko ya ɓata. Irin su SoundID Reference na kamfanin Sonarworks kuma suna auna ɗakin su rage wuraren da suka yi tsauni. Abin da ba za su iya ba shi ne cike rami, domin inda igiya ke kashe 'yar'uwarta, duk ƙarfin da aka ƙara wa mai fita an ƙara wa mai dawowa, sai dai sifika ta wahala a banza. Rami da matsar da kujera ko sifika da kuma audugar lungu ake maganinsa. Wanda ke amfani da irin wannan manhaja kuma ya tuna ya kashe ta kafin ya fitar da waƙa, kada gyaran ɗakinsa ya bi aikin zuwa waje.

Ko bayan an yi duk wannan, kunne yana buƙatar lokaci ya saba da sabon yanayin. A tara waƙoƙi kaɗan da aka san sun fita da kyau a ko'ina, na gida da na waje, a riƙa sauraren su a wannan kujera da wannan ƙarfi har a haddace yadda bes mai kyau da murya mai kyau suke a ɗakin, sannan a riƙa gwada sabon aiki da su. A kashe fankar sama lokacin yanke hukunci, domin fukafukanta suna kaɗa sautin suna sa shi rawa, ko da hakan na nufin a jure zafin watan Afrilu na 'yan mintuna. Kuma tun da mafi yawan masu sauraronmu da waya suke ji, ko ƙaramar sifikar Bluetooth, ko rediyo mai baki ɗaya, wajibi ne a riƙa haɗe dama da hagu su zama ɗaya a saurara, don abin da aka baza gefe da gefe yana iya raguwa ko ya ɓace idan aka haɗe. Sifikar waya ba ta fitar da amon can ƙasa, saboda haka idan bes bai da ɗan jiki a sama da 200 Hz, mai waya ba zai san akwai shi ba. Kafin a miƙa wa mai waƙa aikinsa a tura shi waya a fita tsakar gida a ji, a saka shi a mota idan akwai, a rubuta abin da aka lura da shi, a dawo kujera a gyara. Idan kullum gyaran iri ɗaya ne, misali kullum sai an rage bes bayan an fita, to ɗakin ne ke ɓoye shi a wurin zama, sai a koma kan tef ɗin awo da lungunan.